Yadda mai talasimiya da ke rayuwa da ƙarin jini za ta ɗauki ciki ta sauka lafiya

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga iyaye da ma'aurata a Katsina da Daura: yarinyar da aka haifa da babbar talasimiya nau'in beta, cutar jini ta gado da ke hana ɓargo ƙera jini mai kyau, wadda tun tana goye ake yi mata ƙarin jini duk bayan sati uku ko huɗu, ta girma ta yi aure, shin za ta iya ɗaukar ciki ta haihu? Za ta iya, da yardar Allah, kuma mata da yawa masu wannan lalura sun haihu lafiya. Sai dai cikinta ciki ne da ake shiryawa. Mafi nauyin aikin yana gabanin ɗaukarsa, wata shida zuwa shekara, wani lokacin ma fiye.

Dalilin shi ne sinadarin ƙarfe. Kowace ledar jini da aka ƙara miki tana ɗauke da kusan miligiram 200 na ƙarfe, jiki kuma ba shi da hanyar fitar da shi. Yana taruwa a hanta, a zuciya, da gaɓoɓin da ke sarrafa al'ada da suga. Ciki kuma yana ƙara wa zuciya aiki da kashi 30 zuwa 50 cikin 100, a daidai lokacin da dole a dakatar da maganin fitar da ƙarfen. Duk matakan da ke tafe a kan wannan suka ginu. Ga su a jere, kuma jerin yana da muhimmanci.

Mataki na 1: Tsayar da likitocinki kafin komai

Likitoci uku ne ba makawa: likitan jini, likitan mata da haihuwa, da likitan zuciya. Idan kina da ciwon suga ko matsalar al'ada, sai a ƙara da likitan sinadaran jiki. Wannan aikin babban asibiti ne mai bankin jini da ɗakin tiyata da ɗakin jarirai, irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Wasu gwaje-gwajen za a iya tura ki Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Idan a Daura ko ƙauyukanta kike, ki sa a ranki tun yanzu cewa tafiyar kusan kilomita 80 zuwa Katsina za ta zama miki ta yau da gobe.

Ki sayi littafi ɗaya mai kauri. A ciki a riƙa rubuta ranar kowane ƙarin jini, leda nawa, awon jini kafin ƙarin, sakamakon feritin, wato gwajin jinin da ke nuna yawan ƙarfen da ya taru a jiki, da duk maganin da kike sha. Shafin farko ya ɗauki sunan cutar da rukunin jininki, da hannun likita da tambarin asibiti.

A kula: talasimiya ba ta da yawa a ƙasarmu, sikila ce kowa ya sani. Ma'aikacin lafiya da ya ji “ana yi mata ƙarin jini tun tana ƙarama” zai ɗauka sikila ce, ya bi da ke a kan haka. Cutuka biyu ne daban, kulawarsu ma daban. Littafin nan shi zai yi miki bayani ranar da ba ki da ƙarfin yi.

Har sai an kammala matakai biyar na farko, ku yi amfani da hanyar tazarar haihuwa. Mai ganin al'adarta daidai tana iya ɗaukar ciki kowane wata.

Mataki na 2: Gwajin jinin maigida

Nan ne mutane suka fi yin kuskure, saboda sun riƙe takardar gwajin aure da ta ce miji AA ne, suna ganin magana ta ƙare. Gwajin jinotaif da ake yi a yawancin ɗakunan gwaji sikila yake nema. Mutumin da ke ɗauke da rabin talasimiya yakan fito AA a wannan gwajin, lafiyarsa ƙalau, bai san yana da komai ba.

Abin da za a nema masa biyu ne. Na farko cikakken ƙidayar jini, a duba MCV da MCH: idan MCV ya gaza 80 ko MCH ya gaza 27, ƙwayoyin jininsa ƙanana ne, akwai abin bincike. Na biyu gwajin HPLC, wanda ke auna HbA2, wani nau'in sinadarin jan jini: idan ya wuce kashi 3.5 cikin 100, alamar yana ɗauke da talasimiyar beta ce. Ƙarancin ƙarfe a jikinsa na iya rikita sakamakon, don haka a haɗa da feritin.

Ke kam kowane ɗa da za ki haifa zai gaji ƙwayar talasimiya ɗaya daga gare ki. Saura abin da uba zai bayar. Idan jininsa tsaf yake, 'ya'yan duka masu ɗauke da ita ne kawai, ba za su yi cutar ba. Idan yana ɗauke da talasimiya, kowane ciki rabi da rabi ne: ko mai ɗauke da ita, ko mai babbar cutar irin taki. Idan AS ne, wanda kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya haka yake, kowane ciki rabi da rabi ne a haifi ɗa mai sikila haɗe da talasimiya, wadda ciwonta na sikila ne sosai. Idan SS ne, duk 'ya'yan za su yi wannan. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar a tarar da ƙwayar a ɓangare biyu, don haka ɗan uwa ya fi kowa buƙatar gwajin.

Idan sakamakon ya nuna haɗari, ku zauna da likitan jini ku biyu, a yi muku bayani dalla-dalla kafin ciki. Ana iya gwada ɗan tayi ta hanyar ɗibar ɗan yanki daga mabiyiya tsakanin sati 11 zuwa 14, ko ɗibar ruwan mahaifa daga sati 15. Shawarar abin da za a yi da sakamakon taku ce, da wanda kuka amince da iliminsa na addini.

A kula: ke kanki idan aka yi miki jinotaif bayan ƙarin jini, zai iya fitowa AA, domin jinin wanda ya ba ki ake gwadawa. Kada wani ya ɗauki wannan takarda ya ce kin warke.

Mataki na 3: Auna zuciya da yawan ƙarfe

Wannan mataki shi ke yanke hukuncin ko yanzu ne lokacin ciki ko sai an jira. Ciwon zuciya shi ne babban abin da ke halaka masu wannan lalura, kuma ƙarfe yakan cika zuciya shiru, mace tana harkokinta, ba haki ba kumburi, sai ciki ya tona shi.

Za a yi miki hoton zuciya na eko, a ga ƙarfin bugawarta da matsin jini a jijiyar huhu, sannan a yi ECG don tsarin bugu. Amma eko ba ya ganin ƙarfe. Mai ganinsa shi ne hoton MRI na musamman da ake kira T2*, kuma ba kowace na'urar MRI ke yin sa ba, sai wadda aka tanada don haka, shi ya sa likitanki zai faɗa miki inda za ki je. Sakamakon lamba ce. Sama da 20, zuciya ba ta da ƙarfen da za a damu da shi, wannan ake so kafin ciki. Tsakanin 10 da 20, ƙarfe ya fara taruwa, a ƙara ƙarfin magani a sake aunawa. Ƙasa da 10, haɗarin gazawar zuciya babba ne, ciki a wannan hali ganganci ne da rai. Haka ma idan eko ya nuna bugun ya raunana.

Da hoton MRI ɗin nan ake auna ƙarfen hanta ma. Ana so ya kasance ƙasa da miligiram 7 a kowane giram na busasshen nauyin hanta. Idan ya haura 15, to a watannin da za a dakatar da magani zai iya malalawa zuwa zuciya.

Feritin shi ne gwajin da ya fi sauƙin samu. Ana so ya sauko kusa da 1000 ko ƙasa. Wanda ya daɗe sama da 2500 yana tafiya da haɗarin zuciya. Sai dai feritin yana tashi da zazzaɓin cizon sauro ko ciwon hanta ko kowace irin cuta mai zafin jiki, don haka kada a gwada shi kina cikin zazzaɓi, kuma lamba ɗaya ba ta isa ba, a duba jerin na wata shida. Feritin mai kyau ba shaidar cewa zuciya ta tsira ba ne. Idan akwai kuɗin abu ɗaya tak mai tsada a duk wannan shiri, a kashe shi a kan hoton T2*.

Idan lambobin ba su yi kyau ba, amsar ita ce jira da magani mai ƙarfi, wani lokacin a haɗa allura da na sha. Ƙarfen zuciya a hankali yake fita, yakan ɗauki shekara ko fiye. Mun san matsin da amarya ke shiga idan shekara ta zagayo ba labari, musamman daga dangin miji. Shawararmu ita ce maigida ya ɗauki mahaifiyarsa su je wurin likita tare, ta ji da kunnenta dalilin jiran. Bai kamata a bar yarinya ita kaɗai tana kare kanta a tsakar gida ba.

Mataki na 4: Sauran gaɓoɓi

Suga: ƙarfe na lalata gaɓar da ke samar da insulin. Gwajin HbA1c da aka saba yi wa masu ciwon suga ba ya faɗin gaskiya ga wadda ake ƙara wa jini. Furuktosamin ake amfani da shi, ana so ya tsaya ƙasa da 300 na wata uku kafin ciki. Wadda ba a san ta da suga ba, a yi mata gwajin shan ruwan gulukos.

A duba aikin tayirod, gaɓar nan ta maƙogwaro, a gyara idan ya yi ƙasa. A yi hoton ciki don hanta da matsarmama, domin tsakuwar matsarmama ta yawaita ga masu talasimiya, kuma gara a san da ita tun kafin ciki. A gwada ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau. Wadda ba ta da kariyar nau'in B a yi mata rigakafi. A auna bitamin D da ƙarfin ƙashi.

Sai gwajin da ake yawan mantawa: neman sinadaran kariya da jikinki ya ƙera a kan jinin wasu saboda yawan ƙari. Waɗannan suna sa samun jinin da ya dace da ke ya yi wuya, wasunsu kuma suna ratsa mabiyiya su farfasa jinin jariri.

Idan an cire miki saifa, ki faɗa wa kowane likita. Kina buƙatar penisilin kullum, da alluran rigakafin nimoniya da sanƙarau.

Mataki na 5: Sauya magunguna wata uku kafin a fara nema

Magungunan fitar da ƙarfe na sha guda biyu ne, a kwali za ki ga deferasirox ko deferiprone. Dukansu a daina su wata uku kafin ɗaukar ciki, a koma allurar desferrioxamine, wadda ake sakawa ƙarƙashin fata da ɗan famfo na awa 8 zuwa 12, yawanci da dare. Ita ba ta daɗewa a jiki, shi ya sa ake iya ci gaba da ita har zuwa lokacin da ake neman cikin.

Maganin ƙarfafa ƙashi na dangin bisphosphonate shi ma a daina aƙalla wata uku kafin. Magungunan hawan jini da zuciya irin lisinopril da losartan suna cutar da ɗan tayi, likita ya sauya su. Wadda ke shan hydroxyurea ta tsayar da ita wata uku kafin.

Abin da za a fara shi ne folik asid miligiram 5 kullum, wata uku kafin ciki har zuwa haihuwa. Ki duba lambar da kyau, domin wanda ke cikin bitamin na masu ciki yawanci bai kai ko kusa da wannan ba.

Gargaɗi: kada ki daina maganin ƙarfe da kanki ki zauna haka nan kina jiran ciki. Wata shida ba magani, ana ƙarin jini, ya isa ya mayar da aikin baya.

Mataki na 6: Idan al'ada ba ta zuwa

Mata da yawa masu wannan lalura al'adarsu ba ta zuwa sai da magani, wasu ma ba su taɓa gani ba. Ƙarfe ne ya taɓa wata 'yar gaɓa a ƙasan ƙwaƙwalwa mai ba wa ƙwai umarnin nuna. Sau da yawa ƙwan da mahaifar lafiyarsu lau. Likitan haihuwa zai yi allurar da ke nunar da ƙwai yana bibiya da sikanin. A riƙa bibiyar da gaske, domin allurar na iya kawo tagwaye ko 'yan uku, nauyin da zuciyarki ba ta buƙata. Maigida ma a gwada maniyyinsa tun farko.

Ki nisanci jiƙe-jiƙe da haɗe-haɗen neman haihuwa da ake tallatawa a kasuwa da gidan biki. Hantarki tana fama da ƙarfe, ba ta da sararin ɗaukar abin da ba a san me ke cikinsa ba.

Mataki na 7: Tanadin jini da kuɗi

Ku yi lissafi a takarda. Wadda ake ƙara wa leda 2 duk sati uku za ta buƙaci kusan leda 26 a sati 40 na ciki, kuma buƙatar takan ƙaru a watannin ƙarshe, ga na ranar haihuwa. Kowace leda tana da kuɗin tantancewa da na gwajin dacewa da na kwanciya. A kan wannan a ɗora allurar ƙarfe da famfonta, sikanin aƙalla bakwai, eko sau biyu ko uku, kuɗin mota, da ajiyar tiyata ko da ba za a yi ba. Farashi yana sauyawa, ku tambayi asibitin da kanku ku rubuta, sannan ku bincika abin da inshorar lafiya ta NHIA ko ta jiha za ta ɗauke muku.

Ku tara masu ba da jini tun kafin ciki, mutum goma sha biyu ko fiye, daga abokai, maƙwabta, abokan aiki da jama'ar masallaci, a rubuta sunayensu da lambobinsu, a jera su bi da bi. Namiji lafiyayye yana iya bayarwa duk bayan wata uku. Masu sayar da jininsu a bakin asibiti a guje su.

Jinin da ake so shi ne wanda aka tace ruwansa aka bar jajayen ƙwayoyi, an tantance shi daga ƙanjamau, ciwon hanta B da C da tunjere, bai wuce sati biyu a firji ba, kuma inda hali ya yi a dace da ke har a rukunin Rh da Kell, ba ABO kaɗai ba.

Gargaɗi mai girma: kada a ƙara miki jinin mijinki, ko da rukuninku ɗaya. Jikinki zai iya ƙera kariya a kan jininsa, ɗan da ke cikinki kuma rabin jininsa na uban ne, sai kariyar ta koma kansa. Maigida ya bayar a banki a musanya da na wani. Jinin iyaye da 'yan uwa na ciki ɗaya shi ma an fi so a kauce masa.

Mataki na 8: Ranar da gwaji ya nuna ciki

A ranar ki dakatar da duk maganin fitar da ƙarfe, har da allurar, ki sanar da likitan jini cikin satin. A wata uku na farko ba a amfani da ko ɗaya. Idan cikin ya zo ba shiri kina kan na sha, ki daina nan take, ki je asibiti, kada ki firgita ki yi wani abu da kanki. Za a yi sikanin a bibiyi ɗan, kuma a yi gaggawar duba zuciyar da ba a samu dubawa ba.

Al'adar ɓoye ciki sai ya fito ba taki ba ce. Ki ɓoye wa wanda kika ga dama, ban da likita. Sikanin farko a sati 7 zuwa 9, don a tabbatar yana raye, yana cikin mahaifa, kuma ɗaya ne ko biyu. Na biyu a sati 11 zuwa 14.

Yanzu ga kuskuren da ya fi kowanne sauƙin faruwa. A wurin awo, kowace mai ciki ana miƙa mata jan ƙwayar ƙarin jini. Ke guba ce a gare ki. Ki ce wa ma'aikaciyar: “Sista, ina da talasimiya, likitan jini ya hana ni maganin ƙarfe,” ki nuna mata littafinki. Haka tonik ɗin kemis da bitamin na masu ciki, ki juya kwalin, idan kin ga kalmar ferrous ko iron ki ajiye. Gwaggo da inna za su kawo hanta da zogale da maltin kwalba da madara don jini ya ƙaru. Ƙauna ce, a karɓa da godiya, amma a fahimtar da su cewa ɓargonki ne ba ya iya ƙera jini mai kyau, abinci ba zai gyara wannan ba, kuma yawan cin hanta ƙarfe yake ƙara miki.

Mataki na 9: Awo da ƙarin jini har zuwa wata tara

Ki ga likitocinki duk wata har sati 28, daga nan duk sati biyu. Ma'aunin da ake riƙewa shi ne kada jininki ya sauka ƙasa da giram 10 kafin ƙari, wato PCV kusan 30. Idan yana sauka ƙasa da haka, a matso da ranar ƙarin. Ƙarancin jini shi ke hana ɗa girma, ya kuma gajiyar da zuciya. Kada a jira sai kin fara jiri. A ƙara jinin a hankali, leda ɗaya cikin awa uku zuwa huɗu, musamman a watannin ƙarshe da jiki ya cika da ruwa.

Sikanin duba halittar ɗa a sati 18 zuwa 20. Daga sati 24, a auna girmansa duk sati huɗu. A sake duba zuciya a sati 28, ko kafin nan idan akwai dalili. A gwada suga a wajen sati 16, a maimaita a sati 28. A auna hawan jini da fitsari kowane zuwa.

Batun komawa allurar ƙarfe: wadda zuciyarta ta fito tsaf kuma hantarta ba ta cika ba, takan kai haihuwa ba tare da ita ba. Wadda ke da ƙarfe a zuciya ko mai yawa a hanta, ana mayar da ita kan desferrioxamine bayan sati 20, ƙaramin awo, miligiram 20 a kowane kilo na nauyinta, kwana huɗu zuwa biyar a sati. Mace mai kilo 50 ke nan za a saka mata miligiram 1000 a dare, kwalba biyu masu 500, kwalba takwas zuwa goma a sati. A sayi na wata guda gaba, domin ba kowane kantin magani ke ajiye ta ba. Likita ne zai yanke wannan, na sha kuma haramun ne har a haihu.

Daskarewar jini a jijiya haɗari ne na gaske. Wadda aka cire wa saifa, ko ƙwayoyin daskarar da jininta suka haura 600,000, ana ba ta asfirin miligiram 75 kullum. Wadda ta haɗa biyun, a ƙara mata da allurar heparin ta ƙarƙashin fata. Duk lokacin da aka kwantar da ke a asibiti, ki tambaya ko an rubuta miki ita.

Zazzaɓin cizon sauro yana farfasa jinin da aka sha wahala aka samo. Gidan sauro kowane dare, rani da damina. Ga wani abu da ake yawan tsallakewa: ƙwayoyin SP guda uku na rigakafin zazzaɓin da ake ba masu ciki a wurin awo, folik asid mai miligiram 5 yana rage musu ƙarfi. Ki tuna wa likita kina shan babban folik, ya zaɓa miki hanyar rigakafin da ta dace. Idan azumi ya riske ki da ciki, ki karɓi sauƙin da shari'a ta yi miki.

Mataki na 10: Alamomin da ba a kwana da su

Bugun zuciya da sauri ko yana tsalle, haki da ɗan motsi, kasa kwanciya sai an jingina da matasai, tari da dare, kumburin ƙafa da ya hau har gwiwa: zuciya ce, a tafi asibiti a daren, a ce a kira likitan zuciya. Kada a ce nauyin ciki ne. Zazzaɓin da ya kai 38, musamman ga marar saifa, gaggawa ne, kuma idan kina kan allurar ƙarfe ki dakatar da ita har likita ya gan ki, domin wasu ƙwayoyin cuta suna ƙaruwa da ita. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ciwon ƙirji, fitsari ya yi baƙi ko ido ya ƙara rawaya kwanaki bayan ƙarin jini, ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, zubar jini, ko motsin ɗa ya ragu, duk hukuncinsu ɗaya. A tanadi mota da mai da lambar direba tun daga wata na shida.

Mataki na 11: Haihuwa

Ba a gida ba, ba a ƙaramin asibitin unguwa ba. Wadda ke nesa ta tare kusa da asibitin tun sati 36. A wannan lokacin likitoci su rubuta tsarin haihuwa a littafinki: yaushe, ta wace hanya, jini nawa aka ajiye.

Talasimiya ita kaɗai ba dalilin yin aiki ba ce, ana iya haihuwa da kai. Sai dai da yawa masu lalurar gajeru ne, ƙugunsu ƙarami, ɗan kuma girmansa daidai, shi ya sa aikin ya yawaita a cikinsu. Idan likita ya ce aiki, maigida ya sa hannu da wuri. Aikin da aka shirya da safe ya fi wanda aka yi da tsakar dare bayan doguwar naƙuda.

Da naƙuda ta fara, a sanar da likitan jini da mai ba da maganin barci. A duba jini, idan ya gaza giram 10 ko kina da sinadaran kariyar nan, a tanadi leda biyu da aka riga aka gwada. Ana ɗaura desferrioxamine giram 2 ta jijiya a tsawon awa 24, kwalba huɗu ke nan, domin wahalar naƙuda tana sa sakakken ƙarfe ya rikita bugun zuciya. Ku zo da ita a jakar haihuwa. A riƙa sauraron bugun zuciyar ɗa ba ƙaƙƙautawa, kuma da ya fito a yi allurar oksitosin don mabiyiya ta fita da wuri, jini bai zuba da yawa ba.

Mataki na 12: Jego

Allurar hana daskarewar jini ta ci gaba kwana 7 bayan haihuwa da kai, sati 6 bayan aiki. Shayarwa tana da kyau, a fara nan da nan. Allurar desferrioxamine a koma mata da zarar ta naƙudar ta ƙare, ba ta cutar da mai shan nono domin hanjinsa ba ya tsotse ta. Na sha sai bayan yaye. A riƙa shan kalsiyam da bitamin D, shayarwa tana cin ƙashi.

Kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa safe da yamma da kwanciya a gado mai wuta a ƙasa, ke kam a ɗauke miki su. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta waɗannan da gazawar zuciya bayan haihuwa ga mata masu lafiya ma, saboda gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafin kuma yana ƙara wa zuciya gudu. A yi wanka da ruwa mai ɗumi, a sha kunu ba kanwa. A sanar da wadda za ta zauna jegon tun kafin a dawo gida, kuma idan an je wankan gida, wurin ya kasance inda za a iya kai ki asibiti da kiyaye ranakun ƙarin jini.

A duba jariri ko yana da shawara a kwanakin farko, musamman idan kina da sinadaran kariya. Idan uban yana ɗauke da talasimiya ko sikila, a gwada jinin jaririn da wuri, domin babbar talasimiya ba ta nuna kanta sai wajen wata shida. Idan uban tsaf yake, a rubuta a katin yaron cewa yana ɗauke da talasimiya, don kada a yi ta ɗura masa maganin ƙarfe saboda ƙananan ƙwayoyin jininsa, kuma ya san matsayinsa ranar da zai yi aure.

Kafin arba'in ku zaɓi hanyar tazarar haihuwa tare da likita, wanda zai duba ko an cire miki saifa ko kin taɓa samun daskarewar jini kafin ya ba ki mai sinadarin estirojin. Bayan wata uku a sake feritin da eko, a sa ranar sabon hoton T2*. Ciki na gaba sai lambobin nan sun koma inda suke a mataki na 3.